Muryar da Orest Ya Rufe a Kabad

Shekara goma sha tara na yi ina tsaye kafaɗa da kafaɗa da Orest Hawryluk a layin baya na ƙungiyarmu ta mawaƙa a birnin Winnipeg. Daga kansa masu babbar murya suka ƙare, daga kaina masu muryar sama na maza suka fara. Mu ashirin da huɗu ne, kuma waƙa ce abincinmu: opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, in an kira mu, manyan waƙoƙin coci, bikin aure, jana'izar masu hali. Ba ma riƙe makirufo. Abin da Allah ya sa maka a wuya, da shi za ka cika zaure mai cin mutum dubu biyu, har tsohuwar da ke kujerar ƙarshe ta ji kowace kalma. Na faɗi wannan ne don a san abin da ake nufi in an ce mutum irinmu ya rasa murya.

Orest ƙato ne mai faɗin ƙirji, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa. A cocin 'yan Ukraine na arewacin gari ya tashi, inda ba a kaɗa komai sai bakin mutane, don haka tun yana ɗan shekara sha shida aka gane an samu ginshiƙi. In ya sauka can ƙasa da muryarsa, ba a kunne nake jin sa ba, a haƙarƙarina nake ji. Yana kira na Zakara, wai ba ni da aiki sai cara. Ni kuma ina ce masa Bijimi. Wasan da ke tsakanin masu irin muryarsa da masu irin tawa ya girme mu duka, ba mu kuwa taɓa bari ya huce ba.

Ban taɓa ganin mai riritar maƙogwaro kamarsa ba. Ba ruwan sanyi, ba taba, giya sai ranar Kirsimeti. Mayafin wuya har cikin watan Yuni. Kowace safiya sai ya yi sirace, tawul lulluɓe da kai, sannan ya bi da zuma da citta. Ranar da za mu hau dandamali ba ya magana da kowa, in ka tambaye shi abu sai ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta maka amsa. Matarsa ta taɓa ce mini, kafin su rabu, "Darrel, in gobara ta tashi a gidan nan na san wanda zai fara fitarwa, kuma ba ni ba ce." Bayan ta tafi ya koma wani ƙaramin gida a hawa na huɗu, shi kaɗai da piyanonsa.

Akwai wata doka a sana'armu da ba a rubuta ba, amma kowa ya haddace ta. Kana iya gaya wa abokan aiki aurenka ya mutu, ko ɗanka yana hannun 'yan sanda, za a rungume ka a kawo maka abinci. Amma ba ka cewa maƙogwaronka ba lafiya. Ka ce mura, ka ce gajiya, ka ce uwarka na asibiti. Mun ga abin da ya samu wata mai zaƙin murya da aka yi wa ɗan aiki a wuya shekarun baya. Ta warke sarai, ni shaida ne. Sai dai daga ranar da labarin ya fita, duk inda ta buɗe baki ba waƙar ake saurare ba, jira ake a ji inda za ta tsage. Cikin shekara biyu wayarta ta daina ƙara. Kowa a cikinmu ya ɗauki darasi, kuma darasin banza muka ɗauka.

Sai ga watan Maris na 2020. Muna cikin bita aka ce kowa ya tattara takardunsa ya tafi gida, mako biyu. Kafin mu ankara aka fara cewa a rediyo babu abin da ya kai waƙar taro yaɗa cutar korona. Na tuna na zauna a kicin ina kallon rediyon baki buɗe. Shekara talatin muna koyon yadda za mu tura numfashi har layin ƙarshe, yau an wayi gari wannan gwanintar ce ke kashe mutane.

Shugabarmu, Maestra Beaudry, mace ce da ba ta iya zama haka nan. Ta ce kowa ya riƙa ɗaukar muryarsa da hotonsa a waya daga gida, ya aika, a harhaɗa a saka a intanet don kada a manta da mu. Orest ya kira ni yana mita.

"Zakara, falona ya ƙi. Na ɗauka sau tara, sai ka ce a cikin randa nake."

"Kai ma dai, Bijimi. Ba ka da kabad ɗin tufafi?"

"Kabad kuma? Ni za ka cusa a kabad?"

"Irin wanda ake shiga a rufo ƙofa. Riguna suna shanye amsa-kuwwa, sai ta fito tas. Kowa haka yake yi yanzu."

"In na maƙale kai za ka zo ka zaro ni."

"Sai dai in kira 'yan kwana-kwana."

Muka yi dariya. Washegari ya aiko da hoto, ga shi a tsaye tsakanin rigunan sanyi, kansa na taɓa katakon sama. Ni na ba shi wannan shawarar. Na rubuta ta nan da hannuna don kada wani ya ce na ɓoye.

Har kaka muna waya kusan kullum. A tsakiyar Nuwamba, daidai lokacin da aka sake kulle gari aka hana ko maƙwabci shiga gidan maƙwabci, sai kiran ya tsaya. In na kira ba ya ɗauka, sai saƙo ya biyo baya: "Ina hutar da ita." Ban ga abin damuwa ba. Mawaƙi ya ce yana hutar da murya, kamar wani ya ce ya fita shan iska ne. Ga shi kuma bidiyonmu na Kirsimeti ya fito, Orest a ɗan akwatinsa na ƙasa ta hagu, baki buɗe, muryar nan tana nan daram a ƙarƙashinmu duka. Har na aika masa saƙo, "Bijimi yana nan da ƙahonsa." Ya aiko da hoton babban yatsa. Haka muka ci lokacin sanyi da bazara, wata takwas, ban ji sautinsa a waya ba ko sau ɗaya, kuma ni da nake cewa na fi kowa saninsa ban yi ko tari ba.

A ƙarshen Yuni na 2021 Maestra ta aiko wa kowa da wasiƙa. Za a koma aiki a Satumba. Amma da yake an yi shekara da rabi ba a haɗu ba, kowa zai shiga gabanta shi kaɗai ya yi waƙar minti goma, wanda ya tsaya da ƙafafunsa ya riƙe kujerarsa. Ba mugunta ba ce, haka ake yi ko'ina. Na tura wa Orest wasa a kai. Ya yi kwana biyu bai amsa ba, sannan ya rubuto: "Ka zo ranar Asabar da safe. Kai kaɗai."

Na je da burodi mai zafi, ina hawan bene ina shirya tsokanar da zan fara da ita. Ya buɗe ƙofa. Ya rame, gemu ya yi furfura, amma wa bai canja ba a shekarar nan? Na ce, "Kai, Bijimi, wa ya cinye maka rabi?"

Ya ce, "Shigo, Darrel."

Burodin ya suɓuce daga hannuna. Wallahi sai da na leƙa bayansa in ga wanda ya yi magana. Abin da ya fito daga bakinsa ba murya ba ce. Iska ce da ƙarar zarto, sauti biyu a lokaci ɗaya, ɗaya can ƙasa yana kakkarwa, ɗaya siriri yana fito a samansa. Na dafa bango.

"Mura ce?" Abin da na iya cewa ke nan, don bakina ya saba.

Ya girgiza kai.

"Tun yaushe?"

"Nuwamba."

"Nuwamba? Wane Nuwamba? Haba, Orest! Ai na ji ka a Kirsimeti, da kunnena na ji ka!"

Ya zauna a kujerar piyano, ya kalli ƙasa. "Tsohon ɗauka ne. Na shekara uku da suka wuce, lokacin da nake bita. Baki kawai na motsa."

Mutumin da ko a bita ba ya yarda ya yi ha'incin sauti ɗaya, shi ne ya tsaya gaban waya yana motsa leɓe kamar kifi. Sai ya miƙe ya yafito ni, ya buɗe kabad ɗin. Ba kabad ɗin da na gani a hoto ba ne. Ya buga barguna a bango huɗu da ƙusa, ya shimfiɗa katifa a jikin ƙofa ta ciki, ya toshe ƙasan ƙofar da tawul. Rigunan suna nan a rataye. A tsakiya akwai wuri daidai tsayuwar mutum ɗaya, kafet ɗin wurin har ya suɗe.

"Shiga," in ji shi. "Yi sauti ɗaya."

Na shiga, ya rufo. Na ja numfashi na saki sautin da na fi amincewa da shi. Ya mutu a bakin leɓena. Ban san lokacin da na ƙara ƙarfi ba, na kuma ƙarawa, jijiyoyin wuyana suka miƙe. Cikin daƙiƙa goma na yi abin da kowane malamin waƙa yake dukan tebur yana hanawa. A zaure, bango yana dawo maka da muryarka, da wannan dawowar kake auna ƙarfinka. Tun muna yara da kunne aka koya mana tuƙi. A nan babu abin da ke dawowa, sai jiki ya ɗauka bai yi komai ba, ya yi ta turawa. Na fito ina gumi.

"Don ɗaukar minti biyar na ce maka, Orest. Minti biyar!"

"Awa uku kullum," ya ce. "Wata bakwai."

Sannu a hankali, yana tsayawa yana kurɓar ruwa, ya ba ni labari. Bango ɗaya ne tsakanin falonsa da ɗakin barcin maƙwabciyarsa Luz, nas ce 'yar Filifin, aikin dare take yi a sashen masu korona, da rana take barci. Wata rana cikin Afrilun farko ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, shatin takunkumi kwance a fuskarta. Ta ce, "Kawu Orest, don Allah ka yi haƙuri. Muryarka da daɗi, wallahi da daɗi, amma gadona rawa yake yi. Ko awa huɗu ka bar mini." Ya ce kunya ta kama shi kamar ƙasa ta tsage. Yarinya tana can tana rufe idon matattu, shi yana nan yana hana ta barci da waƙar da ba mai saurare. Daga ranar ya kwashe bitarsa duka ya kai kabad. Barin bita kuwa bai ko zo masa a rai ba. An raine mu a kan cewa in ka yi kwana uku ba ka taɓa murya ba, ta fara mantawa da kai.

Sanyi ya shigo, na'urar ɗumama ɗaki ta busar da iskar gidan. Wata safiya cikin Nuwamba yana tsakiyar waƙa ya ji wani abu ya yi ɗas a wuyansa, muryar ta ɗauke nan take.

"Ka san abin da wannan ke nufi," na ce. "Ɗan shekarar farko a makarantar waƙa ya sani. Shiru, sannan likita!"

"Na sani."

"To me ya hana ka?"

"Misis Penner."

Na zauna a ƙasa, a kan kafet. Likitar maƙogwaro ɗaya ce duk mawaƙan garin nan suka yarda da ita, Dakta Grewal. Matar da ke zaune a teburin karɓar baƙinta, Misis Penner, tana waƙa a cocin da Maestra ke jagoranta ranar Lahadi. Baiwar Allah ba ta taɓa fitar da maganar kowa ba, ko sau ɗaya ban ji ba. Idonta kawai muke tsoro. Saboda idon wata dattijuwa mai saƙa hula, Orest ya zauna a gida yana shan ƙwayar kashe ciwo, yana komawa kabad kowace safiya wai yana neman inda muryar ta ɓuya.

Na yi masa faɗa irin wanda ban taɓa yi wa kowa ba. Na kira shi wawa, na kira shi jaki, na ce duk zumar da ya sha a duniya asara ce. Yana zaune yana kallona. Da na gaji sai na gane rabin faɗan da kaina nake yi. Ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta, ya miƙo mini: "Zan je. Amma ranar Alhamis. Misis Penner ba ta zuwa aiki ranar."

Ni na kai shi. Dakta Grewal ta bar ni na shiga. Ta zura siririn bututu mai ido ta hancinsa, hoton ya fito a allo. Jijiyoyin murya 'yan abubuwa ne biyu farare, ba su kai tsawon farcen babban yatsa ba. Duk rayuwarmu a kansu take. Na Orest, ta dama tana nan da ɗan kyanta. Ta hagu ta yi jajir, ta kumbura, ga wani tsiro a gefenta kamar ƙwayar wake, ya hana su haɗuwa. Likitar ta daɗe tana kallon allon.

"Yallaɓai Hawryluk, yaushe ka ce ka ji abin?"

"Nuwamba."

Ta cire tabarau. "Jijiyar jini ce ta fashe. Yana faruwa, har ga waɗanda suka fi kowa kula. Amma ba sau ɗaya ta fashe ba, ka yi ta waƙa a kan rauni, ƙwayar da kake sha kuma tana tsinka jini. Yanzu wurin ya taurare ya yi tabo."

"Da ya zo a lokacin fa?" Ni na tambaya, da ma ban tambaya ba.

"Mako biyu zuwa uku na shiru. Yawanci shi ke nan."

Orest ya rufe ido. Ta ce za ta iya cire tsiron, zai samu muryar magana mai kyau. Ta waƙa kuwa, ba za ta yi masa alkawarin da ba ta da iko a kai ba. Kuma layin tiyata ya yi tsawo saboda annoba, sai wajen sabuwar shekara. Gwajin Maestra saura mako shida.

Akwai abin da ban faɗa ba a ɗakin nan, kuma dole in faɗa a nan. Tun cikin Maris ɗin wannan shekarar nawa sautukan na can sama suka fara yi mini gardama. Ni ba a kabad nake bita ba, a mota nake yi, cikin gareji, gilashi a rufe, wanda duk kanwar ja ce. Da safe muryata takan dishe, sai wajen azahar ta washe. Ina zaune ina kallon allon nan, hannuna a kan wuyana, likita tana taku biyu daga inda nake. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni sai na tashi na riƙe wa Orest rigarsa, na yi wa likita godiya, muka fito.

A hanya na shirya masa ƙarya mai kyau. "Ka rubuta wa Maestra ka ce 'yar'uwarka ta garin Edmonton ba lafiya, kana neman hutun zango ɗaya. Za ta riƙe maka kujera. A yi aikin a ɓoye, ka dawo a bazara, ba wanda ya ji ba wanda ya gani."

"In muryar ba ta dawo ba fa?"

"Sai 'yar'uwar taka ta ƙara jin jiki."

Ya yi wata dariya marar sauti. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, na ɗauka mun gama magana.

Ranar gwaji aka tara mu a zauren coci da ƙarfe goma na safe, kujeru nesa da juna, kowa da takunkumi. Aka yi ta gaisuwa daga nesa, kowa na cewa lafiya lau, murya tana nan, sai godiya. Ban yi zaton ganin Orest ba, sai ga shi ya shigo da baƙar kwat ɗinsa ta dandamali, ya zauna a gefena. Maestra ta yi maraba, ta ɗauko takardar sunaye. Kafin ta kira na farko ya miƙe tsaye. Na kama gefen rigarsa, ya fizge.

"Maestra, ina da magana."

Kai ashirin da uku suka juyo a tare. Wata daga layin gaba ta ce "Wayyo Allah!" ta toshe baki a kan takunkumi. Takardar hannun Maestra ta sauka a hankali.

Bai yi doguwar magana ba, ba shi da abin yin ta. Ya faɗi kabad, ya faɗi Nuwamba, ya faɗi bidiyon Kirsimeti, ya nemi gafara a kai. Ya faɗi abin da likita ta ce game da mako uku. Sannan ya ce, "Ba na so a ji a bakin wani. Ga abin da ya rage." Ya ja da baya, ya sauke takunkumi, ya buɗe ƙirji yadda ya saba, ya nemi sautinsa na ƙasa. Zauren nan da ke da kyakkyawar amsa-kuwwa ya dawo mana da abin da aka ba shi, iska da kakari. Mai kaɗa mana piyano ya sunkuyar da kai ya kifa a kan murfin.

Maestra ta yi fari fat. Da ƙyar ta ce, "Orest, me ya sa ba ka kira ni ba? Shekara nawa muke tare?"

"Ke ma kin san me ya sa."

Ba ta musa ba. Ta juyo ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya. "Akwai wani kuma? Don Allah, in akwai wanda ke fama da wani abu, ya faɗa yanzu. Ba zan riƙe shi da shi ba."

Shiru. Mutum ashirin da uku, shekara da rabi a kabad da mota da banɗaki, ba wanda ya ɗaga ko yatsa. Ni ina kallon igiyar takalmina. Orest ya dube ni ta gefen ido, sau ɗaya, sannan ya mai da takunkuminsa ya fita.

Ni ne na huɗu a shiga gwajin. Na zaɓi waƙar da ba ta hawa can sama, na lallaɓa ta na fita lafiya. Maestra ta ce, "Madalla, Darrel, kana nan yadda na san ka." Ban taɓa jin yabo ya yi mini ɗaci haka ba.

Na samu Orest a benci a bakin wurin ajiye motoci. Ina dosowa na ga ɗaya daga cikin matan layin gaba ta tashi daga gefensa da sauri, ta wuce ni ba ta ɗago ba.

"Me take so?"

Ya ɗaga yatsu shida. "Ita ce ta shida. Kowa shi kaɗai yake zuwa. Kowa wai don wani abokinsa yake tambaya."

"Tambayar me?"

"Wace rana ce Misis Penner ba ta zuwa aiki."

Na tsaya kamar an dasa ni. Shida! A cikin mutanen da yanzu-yanzu suka zauna kamar gumaka. Na buɗe baki in zage su, sai na tuna da igiyar takalmina.

"Zakara," ya ce, "kai ba ka da aboki?"

Ranar Alhamis ta sama na je wurin Dakta Grewal. Na ajiye mota a titi na biyu, na ja hula har gira, na hau ta matakala don kada in haɗu da kowa a lif. Na tura ƙofar ɗakin jira. Mutum biyar na ƙungiyarmu suna zaune, kowa ya buɗe mujalla ya kare fuska. An gudu ba a tsira ba. Muka yi ta kallon juna ta saman takunkumi. Wani tsohon mai babbar murya ya ce, "To, saura masu muryar sama biyu mu fara bita." Ba wanda ya iya dariya sosai, amma aka sauke mujallun.

Da yamma na wuce gidan Orest. Na tarar ya cire bargunan, ya tara su a bakin ƙofa, Luz za ta kai wa masu kwana a titi. Wasiƙa tana buɗe a kan piyano. Ya nuna ta da haɓa.

"Maestra ce. Ta yi kirki, shafi biyu ta rubuta. Ta ce ƙofa a buɗe take in na warke." Ya kurɓi ruwa. "Amma ba a waƙa da gurbi a layin baya. Sun ɗauki wani, daga garin Regina. Ranar Talata zai fara. Ka yi masa a hankali, kar ka cika masa kunne da cara."

Ban amsa ba. Ya dube ni da kyau. Na ciro takarda da biro daga aljihu, na rubuta, na miƙa masa: "Kumburi ne kawai, bai fashe ba. Ta ce in yi shiru mako uku."

Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya daɗe riƙe da takardar, babban yatsansa a kan kalmomi biyun ƙarshe. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, ina so in ce masa ni na tura shi kabad ɗin nan, ya yafe mini. Kafin sauti ya fito ya ɗora tafin hannunsa, ƙato mai ɗumi, ya rufe mini baki.

"Kul," ya ce. "Mako uku ne kacal, Darrel. Ka yi su."